Darasin Sana'ar Rani: Sa Wa 'Yar Tsana Ta Saƙa Ido

An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne matan ƙungiyoyinmu suke neman abin da hannu zai riƙa yi kafin ruwa ya sauko. Waɗansu suna ƙuli-ƙuli, waɗansu daddawa, waɗansu sabulu. Da yawa kuma sun iya saƙa da kwarashi, suna yin hular jarirai da safa da rigar sanyi, su kai gidan suna ko kasuwa. To, ga wata saƙa da ta fara samun masu saye cikin birane, watau 'yan tsana da 'yan dabbobi na wasan yara: zomo, kyanwa, giwa, ɗan rago. Ana saƙa su da zaren ulu, a cusa auduga a ciki. Mutanen Japan ne suka shahara da ita, suna kiranta amigurumi, kuma da wannan suna 'yan mata suke nemanta a wayar hannu. Ba ta cin zare da yawa. In ba a sayar yau ba, ba ta ruɓewa kamar tumatir.

Darasinmu na wannan wata ba a kan dukan saƙar ba ne. A kan ido ne kaɗai. Wani zai ce, "Ɗan wannan abu har ya isa darasi?" Ya isa. Ido ne yake sayar da 'yar tsana, gama mai saye fuska yake fara duba. Ido kuma shi ne abin da ya fi haɗari a jikinta, domin yana iya shaƙe yaro har ya mutu.

ABIN DA NA JI A MANDAWARI

Mandawari unguwa ce cikin tsohon birnin Kano, a ƙaramar hukumar Gwale, ba nisa da gidan Sarki da Kasuwar Kurmi. Tsohuwar unguwa ce ƙwarai. Ana danganta sunanta da wani malami cikin Wangarawan da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. In kin bi lungunan cikin birni za ki tarar mata da yawa suna sana'a daga cikin gida, kamar ɗinkin hula da kitso da saƙa da abincin sayarwa.

Na shiga wani gida a can domin in ga yadda suke wannan sabuwar saƙa. Uwar gidan dattijuwa ce, ta daɗe tana ɗinkin hula. 'Yarta ce ta koyo saƙar 'yan dabbobi. Bayan mun gaisa aka kawo mini ruwa, aka kuma jawo kwando cike da kaya. Na ɗauki wani zomo mai baƙin ido na roba, yana ta sheƙi. Na ɗauki na biyu, sai na ga nasa idon da zare aka ɗinka. Na ce, "Hajiya, me ya raba waɗannan biyu?"

Ta ce, "Malama, jikana ne ya koya mana karatu."

Yaron bai daɗe da fara tafiya ba, haƙora suna ta fito masa. Ya sami zomon yayarsa a kan tabarma, ya zauna yana ta gwaguyar fuskar. Uwarsa tana wanke-wanke, ta waiwayo ta ga yana juya wani abu cikin baki. Ta lallaɓa ta karɓa. Ido ne. Hajiya ta tashi ta ɗauko mini shi cikin wani gwangwani inda ta ajiye, ta ce, "Duba da kyau. Bai karye ba. Abin da yake riƙe shi daga ciki ma bai fita ba. Dukansa ne ya zaro ta cikin saƙar. Allah ne ya kiyaye." Tun daga ranar ita take ɗinka idanun da allura, irin yadda take cike zanen hula. Mai idon roban da na ɗauka, ragowar na dā ne, sun hana shi fita daga kwando.

Ku riƙe wannan magana tata, domin a kanta darasin yake: idon bai lalace ba, saƙar ce ta buɗe.

YADDA IDON ROBA YAKE

Idon da ake samu wurin masu sayar da kayan tela kashi biyu ne. Na fari shi ne idon kansa. Yana kama da ƙusa mai faffaɗan kai. Kan ne ake gani a fuska, ƙusar kuwa tana da gaɓoɓi kamar na kara. Na biyu washa ce, irin wadda maza suka sani a gindin noti na garma ko na keke, sai dai wannan ta roba ce, wani lokaci kuma ta ƙarfe. Ana zura ƙusar daga waje, a danna washa daga ciki. In ta wuce gaɓa ba ta komowa baya. Ana auna faɗin ido da milimita, akwai mai 6, mai 8, mai 10, mai 12, har sama da haka.

Dabara ce mai kyau, an kuwa yi ta domin maganin wani haɗari. A 1902 aka fara yin ɗan beyar na wasa da ake kira tedi, a Jamus da Amurka. Da maɓallin takalmi ake yi masa ido. Daga baya aka koma idon gilashi wanda aka ɗora a kan waya, a soka shi cikin kai. Yaro ya ja, ido ya fito, ga gilashi ga tsinin waya. A 1948 wata mace mai suna Wendy Boston, mai masana'antar kayan wasa a Wales ta ƙasar Birtaniya, ta fito da idon roba mai kullewa daga ciki. Shi ya sa har yau sunan da Turawa suke kiran irin wannan ido yana nufin ido marar haɗari.

Amma sunan yana ruɗin mutane. Domin yadi aka yi wannan ido, yadi mai kauri wanda injin masaƙa ya saƙa tsam, ba ya buɗewa. Saƙar kwarashi kuwa 'yar'uwar raga ce. Duk zarge ɗaya da kwarashi ya yi, akwai 'yar kafa a gefensa. Kun san akuya da dangar kara. Ba karya dangar take fara yi ba. Baki take sawa cikin 'yar kafa, ta tura, ta sāke turawa, yau kai ya shiga, gobe dukan jiki. Haka washa take yi wa saƙa. Yawancin ulun kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne, yana kuwa miƙewa. Wanki yana ƙara sassauta shi. Miyau da tauna suna ƙarawa. Ƙaramin ido kuma ya fi babba saurin zarewa, gama washarsa ƙarama ce.

Akwai abin da ya fi wannan muni, shi ne ido mai motsi wanda ake mannawa da gam. Zafin bazara yana sassauta gam, ɗan farcen yaro ya ɓamɓare shi. Haka kuma maɓalli da dutsen ado da wuri. Zare ɗaya ne yake riƙe da su, in ya tsinke shi ke nan. Kada a sa ko ɗaya cikin waɗannan a abin wasan yaro.

ME YA SA AKE CEWA SHEKARA 3?

Yaron da bai kai shekara 3 ba, kome ya samu baki yake kaiwa. Hanyar numfashinsa kuwa ƙanƙanuwa ce, faɗinta kamar na ƙaramin yatsansa. Tarinsa ba shi da ƙarfin da zai turo abu waje. Manoma sun san wannan a kan gyaɗa, gama tana cikin abubuwan da suka fi faɗa wa yara a hanyar numfashi. Idon 'yar tsana bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. In ya toshe maƙogwaro, 'yan mintoci kaɗan ne. In kuma ya wuce zuwa huhu, yaro ya yi ta tari da ciwon haƙarƙari, ana ba shi magani ba ya warkewa. Abin da ya ƙara wahala, roba ba ta fitowa sosai a hoton ƙirji kamar yadda ƙarfe yake fitowa.

A Amurka, tun 1980 doka ta hana sayar wa yara 'yan ƙasa da shekara 3 abin wasa mai ƙananan gutsattsari. Ma'auninsu ɗan bututu ne mai faɗin baki inci ɗaya da kwata, watau milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, an ɗauka yana iya shaƙe yaro. Ƙasashen Turai ma da wannan bututu suke awo. Ku ma kuna iya yanko guntun bututun ruwa mai wannan faɗi ku ajiye cikin akwatin ƙungiya. Ku gwada, za ku ga duk idanun da muke amfani da su suna faɗawa ciki.

Wata za ta ce, "To, sai in sayar wa manyan yara kaɗai." A nan ne na ƙi yarda. A Turai, abin wasa mai laushi wanda aka yi domin runguma, ana ɗaukarsa na jarirai ne, ko da an rubuta a jikinsa cewa na manya ne. Ina gani sun yi daidai, mu kuwa mun fi su bukatar wannan tunani. Gidan wane ne cikinmu babu mai rarrafe? Yarinya 'yar shekara 6 da aka saya wa 'yar tsana, ita ce take goyon ƙaninta. In ya yi kuka, me za ta miƙa masa? Abin da ya faru a Mandawari ke nan. Ba domin yaron aka saƙa zomon ba.

Saboda haka shawarata ita ce: duk abin da yaro zai riƙe, a ɗinka masa ido da zare. A bar idon roba domin kayan ado, kamar wanda ake ratayawa a mota, ko a jikin makulli, ko a jera cikin kabad na amarya. Su ma a kafa su da kyau, gama kayan ado sukan sauko ƙasa.

KAFA IDON ROBA

Aikin ido yana farawa tun daga saƙar kai. Ki ɗauki kwarashi wanda ya fi na kullum ƙanƙanta, ki matse hannu. In kin cusa auduga kika ga fari yana leƙowa ta kafofi, saƙar ta yi sako-sako, ba za ta riƙe ido ba. Zaren auduga ya fi na roba tsayawa wuri ɗaya.

Kada ki rufe kan tukuna. Sa'ad da kika saƙa kamar kashi biyu cikin uku, ki tsaya. Ki cusa auduga kaɗan domin kan ya yi siffarsa, sa'an nan ki zura idanun ba tare da washa ba, ki miƙa hannu ki duba daga nesa. Ki ƙirga layi daga tsakar kai, domin duka biyu su zauna a layi ɗaya. Ki ƙirga zargen da ke tsakaninsu, ki rubuta, domin na gaba ya fito daidai da wannan. In idanu suka yi ƙasa kaɗan, suka kuma ba juna tazara, fuskar takan yi kama da ta jariri, masu saye suna son haka. In suka matsu a sama, sai zomo ya zama kamar mai fushi. Ki yi haƙuri a nan, domin washa in ta shiga ba ta fita sai da ɓarna.

In wurin ya yi miki, sai ki fid da audugar. Yanzu ga abin da mata da yawa suke tsallakewa, shi ne kuwa mafi muhimmanci. Ki yanko ƙyalle mai ƙarfi, kamar na tsohon kaki ko na wandon jins, wanda ya fi washa faɗi sosai. In kan ƙarami ne, ƙyalle ɗaya dogo ya ɗauki idanun biyu, haka ya fi. Ki huda shi da basilla. Kada ki tsaga da almakashi, gama tsaga takan ci gaba. Hudar ta zama ƙarama, har sai kin tura ƙusar da ƙarfi. Ki sa ƙyallen daga ciki, ƙusa ta ratsa saƙa ta ratsa ƙyalle, sa'an nan washa ta biyo. Ki ɗan kama gefen ƙyallen da allura a jikin saƙar daga ciki. Yanzu mai jan ido ba da zarge biyu yake kokawa ba, da yadi yake yi.

Wajen danna washa, ki kifa idon a kan tsumma mai taushi bisa tebur ko bayan turmi, domin kada ya ƙarje. Gefen washa mai faɗi shi ne yake kwanciya a kan ƙyalle. In ta ƙarfe ce, haƙoranta su dubi tsinin ƙusa. Masu ƙera su sun bambanta, saboda haka in kin sayi sabon ƙunshi ki sadaukar da guda ɗaya, ki gwada a kan tsumma. In yatsa ya kasa, ki ɗora bututun da ake naɗe zaren keken ɗinki a kan washar, ki danna da tafin hannu. Washar roba mai tauri, in an jiƙa ta cikin ruwan zafi na ɗan lokaci takan yi laushi. Ki ci gaba da dannawa gaɓa bayan gaɓa har ta zauna daram. Ki gwada da farce. In farce yana shiga ƙarƙashin ido, ko idon yana juyawa da sauƙi, da saura. In ƙusa ta tsage ko washa ta shiga a karkace, ki yanke ki zubar inda yara ba za su tsinta ba.

Za ku ga waɗansu suna narka tsinin ƙusar da wuta, su danne shi ya yi faɗi. Wannan yana hana washa zamewa, gaskiya ne. Amma ba ya hana dukan idon zarewa ta cikin saƙa, wannan kuwa shi ne ciwon. Ga shi kuma zaren roba yana narkewa, audugar rimi kuwa da ta ji wuta sai ta tashi. Ni ban ga ribarsa ba.

GWAJI DA JARKA

Kada ki gwada da yatsa biyu ki ce ya yi. Haƙorin yaro ya fi yatsanki naci. A dokar kayan wasa ta Turai, idon da ya wuce milimita 6 ana jansa da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 9, a riƙe har daƙiƙa 10. Muna iya kwatanta wannan a gida, gama lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ku zuba lita 9 cikin jarka. Ku sami siririyar igiya mai ƙarfi, ku zarge ta ƙarƙashin kan idon, ɗaya bakin ku ɗaure a hannun jarka. Mutum ɗaya ya riƙe kan 'yar tsanar da hannu biyu, fuska tana duban ƙasa, ya ɗaga a hankali har jarka ta bar ƙasa. Kada ya fizga. A ƙirga goma a natse.

In idon ya fito, ko kika ga bakin washa ya fara leƙowa, wannan aiki bai ci ba. Ku wanke 'yar tsanar, ta bushe, ku sāke gwadawa, domin bayan wanki ne rauni yake bayyana. Wadda aka yi gwaji da ita ba ta sayarwa ba ce, ta riga ta wahala. Ku kuma sani, wannan gwaji na gida ne. Yana nuna mana mugun aiki, amma ba ya mai da idon roba ya zama na jarirai.

IDON ZARE

Wannan shi ne nake so kowace mace ta ƙware a kai. Ba a sayen kome sai baƙin zare. Wadda ta taɓa ɗinkin hula ko ta yi wa matashin kai fure, ta riga ta iya.

Ki fara gwada zaren. Ki jiƙa shi, ki goga a farin tsumma. In ya zuba, ki nemi wani, gama bakin yaro zai shiga. Zaren auduga mai kauri ya fi kyau. Kamar dā, ki yi aikin tun kai yana buɗe. Ki sa alama a wuraren biyu. Ki soko allura daga ciki, ki bar jelar zare kamar tsawon yatsa. Ki haye layi ɗaya ko biyu na saƙa, ki koma ciki. Ki sāke fitowa ta kafar fari, ki koma ta ta biyu, haka har sau 6 ko 7, zare yana kwanciya kusa da ɗan'uwansa, har ya taru ya yi kamar ƙwayar wake. Kada ki ja da ƙarfi har fuska ta tattare. Kada kuma ɗinkin ya yi tsawo, domin dogon ɗinki yatsa yana shiga ƙarƙashinsa. In kin gama, ki ƙulle jelar fari da ta ƙarshe daga ciki sau uku, ki bar saura ya ɓace cikin auduga.

Ga sirrin da Hajiya ta nuna mini. Ki ɗauki farin zare, ki yi ɗan ɗinki guda ƙanƙane a saman baƙin, ta gefe ɗaya a idanun biyu. Nan da nan sai fuska ta farka, kamar haske ya faɗa cikin ido. Wanda ya ga wannan ba ya tambayar na roba.

In kin riga kin rufe kai kafin ki tuna da ido, ba kome. Ki ɗauki doguwar allura, ki shiga ta ƙeya, ki fito a fuska, ki yi ɗinkin, ki koma ki fita ta kafar da kika shiga. Ki ƙulle jelar biyu, ki tura ƙullin ciki da gindin kwarashi. Babbar dabba kamar giwa, ana iya saƙa mata ɗan baƙin faifai ƙarami, a ɗinke gefensa duka kewaye a jikin fuska. Mai barci kuwa, lanƙwasasshen layi ɗaya ya isa.

Ku kuma san kasuwarku. Cikin maƙwabtanmu Musulmi akwai waɗanda ba su son siffa mai cikakkiyar fuska a gida, sukan nemi 'yar tsana marar ido. Ku tambayi mai saye, ku yi masa yadda yake so. 'Yan tsanan kara da na tsumma da muka yi wa biki muna yara, da yawa ba su da ido, ba mu kuwa fasa goya su ba.

Abin cusawa ma a lura da shi. Masu noman auduga suna da shi a gida, amma a gurje ta sarai, a shiɓe. Angurya ɗaya in ta fito ta kafar saƙa, ita da idon roba duk ɗaya ne, tana kuma jawo ɓera. Kada a cusa tsakuwa ko hatsi domin nauyi. Jaririn da bai shekara ba kuma, kada a kwantar da shi barci da 'yar tsana kusa da fuskarsa, kowane irin ido gare ta.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

In kuna sayarwa da sunan ƙungiya, kuskuren mace ɗaya na kowa ne. Yaro ɗaya ya sami haɗari, ba za a ce wance ce ta saƙa ba, za a ce kayan ƙungiyar ƙauye kaza ne. Saboda haka ku zaɓi mace guda mai ido, marar jin nauyin faɗin gaskiya, ta riƙa duba kowane kaya kafin ya shiga buhu. Ta ja kunne, ta ja jela, ta murɗa ido, ta matsa ciki ko an manta da allura. Abin da ta mayar, a gyara ba tare da fushi ba. Masu idon roba a ware su dabam, a ɗaura musu 'yar takarda mai cewa, "Na ado ne. Kada a ba yaro." Mai kai kaya kasuwa ya faɗa da baki kuma, gama ba kowa yake karatu ba. Ƙunshin idanun da ba a yi aiki da su ba, a rufe cikin gwangwani a sa a sama. Sau da yawa a gidan mai saƙa haɗarin yake, wurin da ido ɗaya ya gangara ƙarƙashin tabarma.

IN HAR YA FARU

In yaro yana tari da ƙarfi, yana iya kuka, a bar shi ya yi tarin, a tsaya kusa da shi. Kada a ba shi ruwa. Kada a zura yatsa cikin maƙogwaronsa ana lalube, domin haka yakan ƙara tura abin ciki. Sai in ana ganinsa a fili a baki za a ɗauke.

In ba ya iya kuka ko tari, numfashi ya tsaya, ba lokacin neman mota ba ne tukuna. Wani ya ruga neman taimako, ke kuwa ki fara aiki. Jaririn da bai shekara ba, ki kifa shi a kan hannunki bisa cinya, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, kina tallafe da haɓarsa. Ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba, ki juya shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirjinsa a kan ƙashi sau 5. Ki yi ta sākewa. Kada a matsa cikin jariri. Wanda ya wuce shekara ɗaya, ki sunkuyar da shi ki buga baya sau 5, sa'an nan ki tsaya ko ki durƙusa a bayansa, ki sa dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, ki ja ciki da sama sau 5. Ko abin ya fito, a kai shi asibiti a duba. Haka kuma in ido ya ɓace daga 'yar tsana, yaro kuwa ya soma tarin da ba a san dalilinsa ba, a tafi da 'yar tsanar a nuna wa likita. In a hanci ko kunne ya cusa, kada a sa tsinke.

Karanta wannan a takarda bai isa ba. Ku roƙi ma'aikacin lafiya na wurinku ya zo taro ya nuna muku da hannu, maza da mata duka.

AIKI KAFIN TARO MAI ZUWA

Kowace mace ta saƙa ƙwallo biyu, girman lemun zaƙi. Ɗaya ta ɗinka masa idon zare da ɗigon fari. Ɗayan, in ana samun idon roba a wurinku, ta kafa masa ido guda da ƙyalle a baya, guda kuma ba ƙyalle. Magatakarda ya tanadi jarka da igiya da guntun bututu. A taron za a rataya jarka a kowane ido, a rubuta wanda ya riƙe da wanda ya saki, da irin zaren da lambar kwarashin da aka yi aiki da su. Ku kuma zo da 'yan tsanan kanti da suke gidajenku, mu ja nasu idanun mu gani.